Yadda Ake Sabunta Tsofaffin Kayan Ɗaki da Fentin Alli

Kafin ki yanke wa tsohon kabad ko sif ɗin gidanku hukuncin tafiya sito, ki gwada ɗaga gefensa ɗaya. Idan ya gagare ki sai da taimako, to katako ne na gaske, irin wanda yau in kafinta ya faɗa miki kuɗinsa sai kin riƙe baki. Da yawa daga cikin kayan da ake jera wa amare yanzu garin katako ne aka cuɗa da gam aka matse, aka lulluɓe da leda mai sheƙi. Ruwa ya taɓa ƙafarsa sau biyu uku, sai ya kumbura ya fara marmashewa. Kayan iyayenmu kuwa fuska ce kawai ta tsufa, jiki yana nan garau. Irin waɗannan nake gyarawa da fentin alli, kuma ina son duk mai irinsu a gida ta iya, domin ba aiki ne da ya fi ƙarfin mace a tsakar gidanta ba.

Fentin alli fenti ne na ruwa da aka cika da farin gari mai laushi, dangin alli. In ya bushe ba ya sheƙi ko kaɗan, yana da kauri, yana rufe tabo, kuma yana kama jikin tsohon banish (ruwan sheƙin da kafintoci ke shafa wa katako) fiye da fentin bango. Wata Baturiyar Ingila mai suna Annie Sloan, wadda ke zaune a garin Oxford, ita ta fito da shi a 1990, kuma kamfaninta ne ke da rajistar sunan Chalk Paint. Ki kula a shago: ba shi ne baƙin fentin da ake shafa wa allon makaranta ba, mai shago yana iya miƙo miki wancan.

Masu tallansa suna cewa ba sai an kankare ba, ba sai an yi shafen farko ba (fentin ƙasa na musamman da ake fara sawa don na sama ya kama), kawai a buɗe gwangwani a hau shafawa. Akwai gaskiya a ciki, amma ɗakin Bahaushiya daban ne. Shekara da shekaru ana turaren wuta safe da yamma, ana ajiye humra da man kitso da man shafawa a kan madubi, hayaƙin girki yana shigowa, ƙurar hunturu tana zama a kan duk wannan. Abin da ke jikin katakon wani siririn maiƙo ne da ido ba ya gani, kuma babu fentin ruwan da zai kama maiƙo. Shafa fentin shi ne mafi sauƙi a duk aikin. Wankin da kika yi kafinsa da kakin da kika shafa bayansa, su ne za su sa kayan su yi shekaru ko su fara ɓarewa kafin sallah ta zagayo.

Ki fara duba lafiyar katakon

Ki fitar da kayan waje inda haske yake. Ki ɗauki makulli ki bi jikinsa kina ƙwanƙwasawa, musamman ƙafafu da bayan da ke jingine da bango. Inda gara ta ci za ki ji ƙarar ta zama holoƙo, wani lokaci ma makullin ya nutse. Idan kika ga ƙananan huji da garin katako mai laushi a ƙasa, akwai ƙwaro a ciki da ransa, sai an kashe shi da maganin katako na wurin masu kayan gini kafin a yi komai. Idan gado ne, ki kwance shi gaba ɗaya ki duba mahaɗai saboda kuɗin cizo, ki bar shi a rana mai zafi, ki tabbatar an gama da su. Maganin ƙwarin gona kuwa kada ki kusantar da shi ga abin da mutum zai kwana a kai.

Lokacin da zan gyara kabad ɗin Inna, mai ƙofofin gilashi wanda a da take jera tasoshi a ciki, na kira kafintan unguwarmu ya ɗaure ƙafar da ke rawa. Ya kankare wani wuri da farce ya ce, "Hajiya, wannan ai maɗaci ne, kar ki sake ki sayar." Na ce, "Malam, ba sayarwa zan yi ba, fenti zan yi masa." Ya ce, "To ki shirya, jan nan nasa zai huda fentin ya fito." Gaskiya ya faɗa, kuma zan zo kan maganin wannan. Amma ga shawarata tun yanzu: idan kin wanke kaya kika ga fuskar katakon tana nan da kyaunta, zanen itacen ya fito fes, ki haƙura da fenti, ki shafa masa kaki kawai. Fenti na wanda ruwa ya ɓata ne, ko wuta ta taɓa, ko aka sha yi masa faci. Na Inna samansa duk shatin gindin kwano ne da ƙunar kasko, shi ya sa na yi masa.

Duk gyaran kafinta a gama shi a wannan matakin. Ramukan ƙusa da ƙananan tsaga ki cike su da garin katako da aka kwaɓa da farin gam, ki bari ya bushe ki goge ya yi daidai da jiki. Ki sa sukundireba ki cire mariƙai da makullai, ki zuba su a gwangwani ɗaya da notikansu. Ki zare durowoyi, ki rubuta wa kowace lamba da fensir a bayanta, domin durowar aikin hannu raminta kaɗai take shiga daidai.

Wanki, da maganar dalma

Ruwan ɗumi, garin sabulun wanki kaɗan, da soso mai ɗan kaushi. Ki matse soson sosai, ba jiƙa katakon ake so ba. Ki dirza lungu-lungu, ki fi ba da ƙarfi a kewayen mariƙai da gefen ƙofofi, inda hannu ya saba taɓawa. Za ki ga ruwan ya koma ruwan ƙasa. Ki sake wani ki ci gaba har sai farin tsumma ya bi jikin ya fito fari. Inda maiƙon turare ya daskare ya ƙi fita, ki ɗiga tafentin (ruwan da ake sassauta fentin mai da shi) a tsumma ki goge, sannan ki sake bi da sabulu. Daga nan ki ɗauraye da tsumma da ruwa zalla, don sabulun da ya saura shi ma yana hana fenti kamawa. Ki bar shi ya kwana a inuwa ya bushe. Da damina ki ƙara masa kwana.

Bayan ya bushe, ki bi shi da samfefa mai lamba 150 sama-sama, ba don ki cire tsohon banish ba, don dai ki kashe santsinsa. Idan fomeka ce ko leda mai sheƙi, wannan ya zama dole, kuma sai kin ƙara da shafen farko na musamman mai kama santsi, in ba haka ba farce ma zai ɗaye aikin.

A nan akwai abin da ba na wasa da shi. Idan kayan dama fentin mai ne a jikinsu, tsoho, musamman rawaya ko ja ko kore, yana iya ƙunsar dalma. Amurka ta haramta dalma a fentin gidaje tun 1978, amma a ƙasashenmu an daɗe bayan haka ana sayar da irinsa. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda ƙurar duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400. Ƙurar fenti ba ta kai wancan yawa ba, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙwaƙwalwar ƙananan yara take fara taɓawa. Saboda haka kada ki goge irin wannan fentin a bushe. Ki jiƙa samfefar, ki cire wanda ya ɗaɗɗago kawai, ki kwashe dattin da jiƙaƙƙen tsumma ki ƙulle a leda ki zubar. Yara da mai juna biyu su yi nesa. Gadon jariri mai irin wannan fentin kuwa, wanda yaro zai kafa wa haƙora, ni ba na gyara shi, kuma ba na ba da shawarar a gyara.

Haɗa fentin a gida

Na gwangwani da ake shigowa da shi daga waje yana da kyau, lita ɗaya tana rufe wajen murabba'in mita 13, sai dai tsada da wuyar samu. Ni haɗawa nake yi, kuma a Kano duk abin da ake buƙata yana Kasuwar Ƙofar Ruwa: fentin ruwa na bango da garin POP ɗin da ake yin silin da shi.

Ma'aunin da sauƙi. Gwangwanin madara ɗaya na garin POP, ɗaya na ruwa, uku na fenti. Ki fara zuba ruwan a roba, ruwan sanyi irin na randa, don ruwan zafi yana sa garin ya daskare da wuri. Ki riƙa barbaɗa garin a kan ruwan kina juyawa har gudaji su mutu. Sai ki juye cikin fentin ki gauraya sosai, ki tace da tsohon gyale mai shara-shara. Kaurin da ake so kamar na kindirmon da aka dama ne: ya kama burushi, amma ya zubo in an ɗaga. Idan kika zuba busasshen gari kai tsaye cikin fenti, tsakuwa-tsakuwa zai yi, kuma ba ta narkewa.

Garin POP yana fara ƙanƙarewa da zarar ya ji ruwa, don haka ki haɗa iya wanda za ki shafe cikin awa biyu. Ragowar ki bar ta ta bushe a robar ki ɓamɓare ki zubar a shara. In kika tuttular a makwarara za ta toshe ta. Idan kina samun garin kalsiyam kabonet a wurin masu sayar da sinadaran haɗa fenti da sabulu, ya fi POP laushi kuma ba ya daskarewa, ana iya rufe haɗin a ajiye. Nasa ma'aunin, gari ɗaya fenti biyu, da ɗan ruwan da zai kwaɓa garin.

Kada ki yi rowa wurin sayen fentin. Mai arhar nan da in ka jingina da bango yake bin riga, dama gari ya yi masa yawa, abin da ke riƙe shi ya yi kaɗan. Kika ƙara masa POP, hoda kika haɗa. Ki nemi mai kyau wanda ake iya gogewa da ruwa. Fentin mai kuwa sam ba ya haɗuwa da wannan. Sannan ki zaɓi launin da ya ɗan fi wanda kike so duhu, saboda farin garin yana dusashe shi. Ni na fi son shuɗi mai duhu irin na rinin Ƙofar Mata, da ruwan toka, da kore mai sanyi. Fari tas yana da kyau a hoto, amma a gidan da ke da yara da ƙurar hunturu, kullum kina cikin goga.

Kafin ki shafe duka, ki gwada a wani ɓoyayyen wuri mai faɗin tafin hannu, ki bari ya kwana. Da safe ki karce da farce. Idan ya ɗaye, akwai sauran maiƙo ko santsi, ki koma wanki. Ki kuma duba launin. Idan kika ga ja-ja ko ruwan ƙasa yana tsattsafowa, abin da kafinta ya faɗa ne. Maɗaci da iroko suna da rini a jikinsu, ruwan da ke cikin fentin yana narka shi ya jawo shi sama. Ƙara shafi ba ya maganinsa, ko sau nawa kika ƙara zai sake fitowa. Maganinsa shalak, wani ƙaro da ake samu daga wani ƙwaro a Indiya da Tailan, ana narka shi a sifirit. Ki shafa shi siriri sau biyu, yana bushewa cikin ƙasa da awa, sannan ki yi fenti a kai. In ba ki samu ba, farin shafen farko na mai yana toshewa, sai dai ki ba shi kwana guda cur ya bushe.

Shafawa

A inuwa ake yi, ba a rana ba, kuma da safe ya fi. Ki yayyafa ruwa a tsakar gida don ƙura ta kwanta, ki shimfiɗa buhu ko kwali. Gilashi ki rufe shi da jarida da tef na takarda. Idan kujera ce ko tebur, ki kifa ki fara da ƙafafu.

Ki tsoma bakin burushi kawai, ki ja ta inda zanen katakon ya nufa. Shafin fentin alli na farko siriri ake yi, kuma zai fito da dabbare-dabbare har ki ce kin ɓata kayan. Haka yake, kada ki damu, kada kuma ki koma kan wurin da ya fara shan iska, don burushin zai kwashe shi. Da hunturu fentin yana bushewa tun yana kan burushi, sai ki ajiye kofin ruwa a gefe kina ɗan tsoma bakinsa. Bayan awa ɗaya ko biyu ki yi na biyu, wanda kika ɗan sassauta da ruwa. Yawanci biyu sun isa. Fari a kan katako mai duhu yakan nemi na uku. Gefen durowa da ke shiga rami kada ki yi masa fenti, zai riƙa cijewa. Ki goga masa kyandir, zai riƙa zamewa sumul.

In ya bushe sarai, ki bi shi da samfefa mai laushi, lamba 320 ko 400, a hankali. Nan take kaushin POP zai tafi, jikin ya yi laushi. Ki share ƙurar da busasshen tsumma.

Turawa suna son goge gefe-gefe da kusurwoyi har katakon ya leƙo, don kayan su yi kamar sun tsufa. A ganina wannan bai cika karɓar ɗakunanmu ba. Baƙuwa ta shigo, ba ado za ta gani ba, cewa za ta yi fentin ne ya goge ba a gyara ba. In kina so, ki yi kaɗan a kan sassaƙa da bakin ƙofofi, kuma kada ki yi shi sam idan akwai tsohon fentin mai a ƙasa. Adon da ya fi burge ni shi ne namu: ki zana dagi ko irin zayyanar bangon gidajen birni a kan kwali mai ƙarfi, ki yanke da reza, ki ɗora a ƙofar kabad, ki dangwala wani launi da soso wanda kika kusa matse fentin daga jikinsa. A kan shuɗin kabad ɗin Inna farin dagi ɗaya na sa a kowace ƙofar ƙasa, ban ƙara komai ba.

Kaki

Fentin alli da ba a rufe ba yana shan komai. Ɗigon shayi, hannun yaro mai miya, har gumin yatsa, duk sai sun bar shaida. Saboda haka bayan ya kwana ya bushe, sai kaki.

Idan kin samu kakin kayan katako na gwangwani marar launi, shi ke nan. In babu, ki sayi kakin zuma a wurin masu zuma, mai haske wanda aka tace. Ki yayyanka kashi ɗaya a gwangwani, ki ɗora gwangwanin cikin tukunyar ruwan zafi har ya narke. Ki sauke, ki kashe wutar, ki fita da shi fili nesa da murhu, sannan ki zuba tafentin kashi uku kina juyawa. Tafentin yana kama wuta, kada ki taɓa zuba shi kusa da gas ko garwashi. Ki rufe ya huce, zai zama mai laushi da tsumma ke iya ɗiba. Kada ki musanya tafentin da tina (wani ruwan sassauta fenti mai ƙarfi), tana cin fenti. Man gyaɗa da man ja kuma ba sa bushewa, ɗoyi za su yi daga baya su tara ƙura. Ƙaramin abu kamar firam ɗin madubi, man goge takalmi marar launi ma yana yi.

Ki ɗibi kaɗan da farin tsumman auduga marar gashi, ki murza shi cikin fentin, wuri kaɗan-kaɗan. Za ki ga launin ya ƙara zurfi nan take, ta haka za ki gane inda kika bi da inda kika tsallake. Da wani tsumman ki goge rarar tun bai daskare ba. Babban abin da ke ɓata wa mutane aiki a nan shi ne yawa. Kakin da ya shiga cikin fenti shi ke tsaro. Wanda ya zauna a sama danƙo kawai zai yi, ƙura ta manne. Idan kika ja yatsa ya bar sawu, ya yi yawa, ki ƙara gogewa. Washegari ki dirza da tsumma mai laushi har ya ɗauki ɗan sheƙi mai sanyi. Saman kabad da wuraren da hannu ke yawan taɓawa ki yi musu shafi na biyu.

Mai son sassaƙa ta fito, sai ta bi da kaki mai duhu, ko man takalmi ruwan ƙasa, ta tura shi cikin lunguna ta goge sama. Amma sai bayan marar launin ya riga ya shiga. Mai duhu a kan fenti tsirara tabo yake yi, ba ya fita.

Kaki yana da iyakarsa, kuma gara ki sani tun kafin ki shafa. Kakin zuma yana narkewa a zafin da ya ɗan haura digiri 60, amma tun kafin nan yake yin laushi. Da bazara a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri zafi yana wuce digiri 40 a inuwa, to ina ga abin da rana ke duka ta taga. Teburin cin abinci, kabad ɗin kicin, da duk abin da zai zauna a baranda, ki rufe su da banish na ruwa marar sheƙi, shafi biyu ko uku sirara. Banish na mai yana mayar da fari rawaya. Kuma ki zaɓi ɗaya tun farko, domin banish ba ya kama jikin da aka riga aka shafa wa kaki.

Mariƙan da kika cire, ki kanga musu maganaɗisu. Wanda bai kama ba galibi tagulla ce, lemon tsami da gishiri ko jiƙaƙƙiyar tsamiya za su dawo da haskenta. Na ƙarfe da ya yi tsatsa ki goge da samfefa ki fesa masa baƙin fenti. Ki mayar da su bayan kakin ya sha iska.

Hannu zai ji kayan sun bushe cikin kwana ɗaya, amma ƙarfin gaske sai bayan mako biyu zuwa uku. A wannan tsakanin kada ki ɗora abu mai nauyi, kada ki shimfiɗa leda a kai, kada ruwa ya zauna. Bayan nan kulawar ba wuya: busasshen tsumma don ƙura, mai ɗan danshi don tabo, ban da garin sabulu da ruwan bilic. Kaskon turare kuwa ki ajiye shi a ƙasa, ko ki sa masa tayil a gindi. Lokaci-lokaci ki ɗiga ruwa a saman: in ya dunƙule ya tsaya, kakin yana nan, in ya baje ya sa wurin ya yi duhu, ki goge ƙura ki sake shafa siriri.